Baka mai faifai: abin da ke karya rassansa, da yadda ake aiki da na'urar saki mai juyi

A watan Afrilun 2025 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince a shigar da baka mai faifai cikin wasannin da za a yi a birnin Los Anjeles na Amurka a 2028, a gasar da ke haɗa namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace ƙasa. Tun da harbin kibiya ya koma cikin wasannin Olamfik a 1972, baka marar faifai kaɗai ake harbi da shi, wanda masu jin Faransanci ke kira arc classique. Da irinsa ne Marlyse Hourtou ta wakilci Chadi a Tokiyo, Israel Madaye kuma ya wakilce ta a Paris a 2024. Wannan sabuwar ƙofa za ta ja hankalin ƙungiyoyi da matasa zuwa ga baka mai faifai, wato arc à poulies. Wanda zai saye shi, ko ya ara, yana buƙatar sanin abubuwa biyu da suka fi jawo asara da rauni: karyewar reshen baka, da kuɓucewar tsirkiya daga na'urar saki tun lokaci bai yi ba.

Yadda bakan yake aiki

Wani Ba'amurke mazaunin jihar Misuri mai suna Holless Wilbur Allen ne ya ƙirƙiro shi. Ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1966, aka ba shi a watan Disamban 1969. Dabararsa ita ce sanya faifai mai juyawa a ƙarshen kowane reshe, kamar abin da ake ratsa igiyar guga a kansa a bakin rijiya, sai dai wannan faifan ramin da yake juyawa a kai ba a tsakiyarsa yake ba.

Bakan yana da ganga a tsakiya, ta alminiyom ko ta kabon, inda mariƙi yake. Sama da ƙasa akwai rassa biyu gajeru masu tauri, kowanne ya zauna cikin gurbinsa, an ɗaure shi da babban sukuru. A wasu bakuna reshen falle ɗaya ne mai tsaga a baki inda faifai ke shiga, a wasu kuma siraran rassa biyu ne a jere, faifan yana tsakaninsu. Ana yin su da zaren gilashi, wani lokaci da kabon, an haɗe su da gam mai tauri. Tsirkiya da igiyoyin da ake kira kebul suna zagaye fayafayan. Idan maharbi ya ja tsirkiya, fayafayan su juya, kebul ya jawo rassan su lanƙwasa, ƙarfin da maharbin ya kashe ya taru a cikinsu.

Abin da ya bambanta shi da bakan gargajiya shi ne nauyin ja yana kaiwa ƙololuwa a tsakiyar ja, sannan ya faɗi idan tsirkiya ta kusa fuska. Ragin yakan kai kashi 65 zuwa 90 cikin 100, gwargwadon ƙirar faifan. Hukumar World Archery, mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ta ƙayyade laba 60 a matsayin iyakar nauyin ja a gasarta, wato kilo 27 da ɗoriya. Idan ragin kashi 70 ne, laba 18 kawai maharbin ke riƙewa lokacin saiti, kimanin kilo 8. Amma sauƙin a hannu kaɗai yake. Rassan suna nan ɗauke da dukkan ƙarfin, kuma shi ne ke iya tura kibiya da gudun mita 90 zuwa 100 a daƙiƙa ɗaya.

Ko a ajiye, rassan a lanƙwashe suke. Ba a kwance tsirkiyarsa da hannu kamar yadda maharbin gargajiya ke sassauta bakansa idan ya dawo daga daji. Sai an sa shi cikin na'urar matsa baka.

Me ke karya reshe

Babban dalili shi ne sakin wofi, wato a ja tsirkiya a sake ta babu kibiya. Faransawa na ce masa tir à vide. A harbi na ƙa'ida kibiya ce ke ɗauke mafi yawan ƙarfin ta tafi da shi. Idan babu ita, ƙarfin ba shi da mafita sai ya koma kan tsirkiya, fayafayai da rassa. Ana jin ƙara kamar ta bindiga, tsirkiya ta tsinke ko ta sauka daga kan faifai, faifan ya lanƙwashe, reshe ya tsage. Wani lokaci bakan ya fita kamar babu abin da ya same shi, alhali zaren ciki ya riga ya rabu, sai bayan kwanaki ya ɓalle a hannun mai shi. Sau da yawa ba mai bakan ne ke yin wannan ba. Baƙo ne ko aboki zai ɗauka ya ce bari ya gwada ƙarfinsa, ya ja da yatsu, tsirkiyar ta zame masa.

Kibiya marar nauyi ma rabin sakin wofi ce. Ƙa'idar da masu ƙera baka suka saba bayarwa ita ce kada nauyin kibiya ya gaza giren 5 ga kowace laba ta nauyin ja. Giren ɗaya kimanin giram 0.065 ne. Ke nan baka mai laba 60 yana son kibiyar da ta kai aƙalla giren 300, kusan giram 19 da rabi, mai laba 70 kuma giren 350, kusan giram 23. Wanda ya rage nauyi ƙasa da haka don neman gudu, rassansa ne ke biyan kuɗin a kowane harbi.

Haka abin yake idan robar gindin kibiya, wadda tsirkiya ke shiga cikin tsagarta, ta fashe ko ta yi sako-sako. Kibiyar na iya zamewa kafin saki, ko robar ta tarwatse lokacin saki, sai tsirkiya ta tafi ita kaɗai. Kibiyar kabon da ta tsage kuwa tana iya karyewa a kan baka, guntunta ya soki hannun da ke riƙe da mariƙi.

Zafi shi ne na gaba, kuma ya fi shafar mazauna yankin Sahel. A Yamai, Damagaram, Marwa da Njamena zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana iya wuce 60. Irin wannan zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe zaren reshe, alhali reshen yana lanƙwashe, kuma yana sa tsirkiya da kebul su miƙe har fayafayan su daina juyawa tare. Bayan mota da ɗakin kwano marar silin ba wurin ajiyar baka ba ne. Ƙurar hunturu ma tana shiga gurbin reshe da ramin faifai, tana cin su a hankali.

Akwai kuma ɓarnar gyara. Da babban sukurun reshe ake ƙara nauyin ja ko rage shi, yawanci a tsakanin laba 10, misali daga 50 zuwa 60. Kowane kamfani yana faɗin iyakar zagayen da za a kwance. Idan aka wuce, sukurun na iya fita, reshen ya yi tsalle daga gurbinsa. Idan aka kwance na sama fiye da na ƙasa, reshe ɗaya ya riƙa aiki fiye da ɗan'uwansa. Na'urar matsa baka ma sai wadda ta dace. Bakunan yanzu rassansu a kwance suke, kusan na sama yana fuskantar na ƙasa, kuma da yawansu ta bakin reshe ake matsa su. Tsohuwar na'urar da ke danna tsakiyar reshe tana iya tsaga shi ko ta lanƙwasa gangar. Matsa baka da jak ɗin mota ko igiyar ɗaure kaya caca ce da ido da haƙori.

Murɗa mariƙi lokacin ja, ko jan tsirkiya a karkace, yana sa ta fita daga kwarmin faifai, kuma sakamakon bai da nisa da na sakin wofi. Faɗuwar baka a kan dutse ko siminti tana barin ɗan rauni a gefen reshe wanda ke ƙaruwa da kowane ja. Ana samun kuma reshen da ya zo da aibi tun daga masana'anta.

Alamomin da ake dubawa

Reshe bai cika karyewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Ana duba shi a wuri mai haske kafin a fara harbi, musamman wurare uku: inda ya fito daga gurbi, tsagar da faifai ke ciki, da kewayen ramin da sandar faifai ta ratsa. Abin nema shi ne siririn layi, wuri mai fari-fari kamar madara, kumburi, ko ɗan zare da ya ɗago a gefe. Masu gyara suna shafa auduga a jikin reshen. Duk inda ta maƙale ta bar zare, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Ba a shafawa da yatsa tsirara, don zaren gilashi yana shiga fata kamar ƙaya.

Sauran alamomin a kunne suke da kuma a kan allon harbi. Ƙarar ƙas-ƙas lokacin ja, faifan da ya fara karkata gefe ɗaya, nauyin ja da ya ragu ba a taɓa sukuru ba, ko kibau da suka fara sauka wani wuri dabam ba tare da an canza saiti ba, duk dalili ne na ajiye baka. Zanen da ya tsaya a kan fenti ba matsala ba ne, amma wanda ba ya iya bambance shi da tsaga ya kai wa wanda ya iya.

Kibiyar kabon ana riƙe ta a baki biyu a ɗan lanƙwasa ta nesa da fuska, ana juyawa ana saurare. Idan ta yi ƙara, an gama da ita.

Bakan da aka yi wa sakin wofi ba a sake jan sa, ko don a gwada. Sai an sa shi a na'urar matsawa an duba rassa, fayafayai, sandunansu da igiyoyi. Reshen da ya tsage ba a liƙe shi da gam, ba a ɗaure shi da waya. Canzawa ake yi, kuma dukkan rassan tare, domin a masana'anta ana auna taurinsu a haɗa masu lamba ɗaya. Manyan kamfanoni suna ba da garanti mai tsawo a kan rassa, amma yawanci ga wanda ya fara saye daga dillalinsu, kuma ban da ɓarnar sakin wofi. Mai sayen baka na hannu, ko wanda aka aiko masa daga Turai, ya san cewa kuɗin sababbin rassa da na jigilarsu daga aljihunsa za su fito. Araha ba ta ado.

Na'urar saki da ire-irenta

Saboda bakan gajere ne, tsirkiyarsa tana yin kusurwa mai tsini idan an ja ta, ta matse yatsu. Shi ya sa kusan duk masu harbi da shi suke amfani da na'urar saki, wadda Faransawa ke kira décocheur. Ana ɗaura ɗan madaukin igiya a jikin tsirkiya a bayan gindin kibiya, ƙugiyar na'urar ta kama shi.

Akwai mai ɗauri a wuyan hannu wadda ake taɓa kunamarta da yatsa manuni, ita mafarauta suka fi so. Akwai ta riƙewa a hannu mai maɓallin babban yatsa. Akwai wadda ke saki idan ƙarfin ja ya wuce wani ma'auni. Sai kuma mai juyi, wadda ba ta da kunama ko maɓalli ko kaɗan. Kamfanoni irin su Stan, Carter, Scott da T.R.U. Ball duk suna ƙera ta.

Ƙirarta ba ta da wuya. Mariƙi ne na ƙarfe mai gurbin yatsu biyu, uku ko huɗu. A kansa akwai ɗan kai mai lilo kamar ƙyauren ƙofa, ɗauke da ƙugiya. Gindin ƙugiyar yana zaune a kan wani ƙarfe mai siffar rabin wata. Idan mariƙin ya juya a hannu, gindin ƙugiyar ya riƙa zamewa a kan rabin watan har ya kai baki ya faɗa, ƙugiyar ta buɗe, tsirkiya ta tafi. A wasu an yi ɗan mataki kusa da bakin, wanda ke yin ƙara ƙas don sanar da maharbi cewa saura kaɗan. Da ɗan ƙaramin sukuru ake matsar da rabin watan: a matso da shi ta saki da ɗan juyi kaɗan, a mayar da shi baya ta buƙaci juyi mai yawa.

Dalilin da ya sa ake wahala da ita

A gasar fili ana harbi daga mita 50, kuma da'irar maki 10 faɗinta santimita 8 ne. Zagayen tantancewa kibau 72 ne, maki 720. Ba'amurke Braden Gellenthien ya samu 718 a 2016. A gasar cikin ɗaki, daga mita 18, da'irar 10 ta masu baka mai faifai santimita 2 ce kacal, kuma a birnin Nim na Faransa a 2015 Mike Schloesser ɗan Holan ya zama na farko da ya cika maki 600 cikin 600. A irin wannan mataki, ɗan motsin hannu ɗaya ya isa ya fitar da mutum daga gasa.

Matsalar kunama ita ce ƙwaƙwalwa ta san lokacin da harbi zai tashi. Da ɗigon saiti ya taɓa tsakiyar allo sai yatsa ya fizge, jiki kuma ya riga ya ƙanƙame yana jiran girgiza. Idan abin ya yi tsanani, maharbi ya kasa kai ɗigon tsakiya, ya daskare a ƙasa da ita, ko ya saki tun bai gama saiti ba. A Faransa ana kiran wannan maladie de la carte. Na'ura mai juyi tana raba maharbi da wannan umarni na yanzu-yanzu. Aikinsa ya zuba ido a tsakiya, ya bar ɗigon yana ɗan yawo, ya ci gaba da ja da naman baya, kibiya ta tashi ba tare da ya san daƙiƙar ba. Har waɗanda ke gasa da mai maɓalli sukan koma kanta lokacin atisaye don gyara hannunsu.

Yadda ake koyonta

Ba a farawa da baka. Ana samun igiya mai ƙarfi a ƙulla ta da'ira daidai tsawon jan mutum, a rataya a hannun hagu, a kama ɗaya bakin da ƙugiyar. Da ita ake koyon ja, juyi da saki har hannu ya saba. A wannan lokaci ana saita rabin watan yadda sai an yi juyi mai yawa kafin ta saki, a duba cewa ɗan sukurun ya ɗauru, a yi alama a wurin da aka tsayar da shi.

Lokacin ja, nauyi yana kan yatsa manuni da babban yatsa, wanda ke naɗe da ɗan turken da ke jikin mariƙin. Sauran yatsun suna kwance kawai. Wanda ya ja da na tsakiya da na kusa da ƙarami ya riga ya juya na'urar, za ta saki a tsakiyar ja inda nauyi ya fi yawa, hannunsa ya dawo ya daki bakinsa. Fashewar leɓe da karyewar haƙori su ne raunin da aka fi sanin sababbin masu wannan na'ura da shi. Saboda haka wasu samfurori suna da makulli da ke hana ta saki sai an kai fuska an buɗe shi.

Idan tsirkiya ta iso, hannu ya zauna a muƙamuƙi, ɗigo ya hau allo, sai a ɗaga babban yatsa daga turken, nauyi ya bazu a kan yatsun duka. Mai amfani da ƙarar gargaɗi a nan zai ji ta. Daga nan allon kafaɗar hannun ja ya matsa wajen ƙashin baya, gwiwar hannu ta zagaya baya, manuni ya ɗan saki jiki, mariƙin ya juya da kansa. Idan aka murɗa shi da wuyan hannu da gangan, an mayar da shi kunama, tsohuwar cutar ta dawo.

Bayan igiya sai baka mai sauƙin ja, a tsaya mita 3 zuwa 5 gaban babban abin tare kibiya wanda ba a manna masa takardar maki ba. Sai saki ya daidaita ake sa takarda, a riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Abin yana ɗaukar makonni, kuma maki kan ragu kafin su ƙaru. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ke da gasa a mako mai zuwa ya bari sai ya dawo.

Sauke baka ba tare da harbi ba darasi ne mai zaman kansa. Idan saiti ya ɓaci ko numfashi ya ƙare, a mayar da babban yatsa kan turke, a mayar da nauyi kan manuni, sannan a bi tsirkiya gaba a hankali, kibiya na kallon allo. A shirya wa fizgar da za ta zo lokacin da faifai ya koma wajen nauyi. Dokar World Archery ta hana jan baka yana kallon sama ta yadda kibiyar da ta kuɓuce za ta tsallake filin tsaro, kuma alƙali na iya dakatar da mai yin haka.

Na'urar tana da rauninta. A cikin iska, ko a karawar da ake ba kowane maharbi daƙiƙa 20 ya harba kibiya ɗaya, jiran saki ya zo da kansa yana da wuya. Shi ya sa wasu ƙwararru ke ajiye iri biyu a jaka.

Inda matsalolin biyu suka haɗu

Makonnin farko na koyon na'ura mai juyi su ne lokacin da rassan baka suka fi shiga haɗari. Sabon mai ita yakan so ya ji yadda take a kan bakansa, ya ja babu kibiya da niyyar saukewa, ta saki. Wani wajen saukewa fizgar ta zare gindin kibiya daga tsirkiya, ya sake ja bai lura ba. Wani kuma tsoron duka a baki ya sa ya ƙanƙame mariƙi ya murɗa shi, tsirkiya ta bar kwarmin faifai. Madaukin igiyar ma yana cinyewa a wurin da ƙugiya ke gogarsa, kuma idan ya tsinke ko ƙullinsa ya kwance, sakamakon ɗaya ne da saki a tsakiyar ja.

Saboda haka ƙa'idar da masu horarwa ke fara koyarwa ba ta canzawa ko wace na'ura ce a hannu: ba a jan baka mai faifai sai da kibiya lafiyayya a kansa, an ji gindinta ya kama tsirkiya, tana kallon abin da zai tare ta. A ƙungiyar da mutane da yawa ke aiki da baka ɗaya, yana da kyau a ɗaure tsirkiya da kebul da ɗan zare ko roba idan an ajiye, don mai wucewa ya kasa ja. A kuma ajiye littafi da ake rubuta ranar da aka duba rassa, ranar da aka canza tsirkiya, da duk ranar da bakan ya faɗi ko aka sake shi babu kibiya, domin wanda zai ɗauke shi gobe ya san abin da ya same shi jiya.